Shaidar Tasalla a Birnin Haƙora

Da sunan Allah wanda ya ba kowane bawa harshe ɗaya da kunne biyu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Barmo mahaƙin rijiya, mutumin Tsamiyar Dogo. Karatuna bai wuce izu biyar ba, saboda haka wanda ya zo neman zaƙin zance ya yi gaba. In kun ji maganata tana fita da iska ku yi haƙuri, babu haƙori ko ɗaya a bakina. Yadda na rabu da su, shi ne labarin.

Shekara ashirin da biyu ina shiga rami. Na haƙa wa garuruwa rijiya, gidana kuwa kullum matata Tasalla tana hanyar rafi da tulu a ka, tana yi mini gori cewa ta auri mai shayar da duniya ga ta da ƙishi. Shekarar da 'yarmu Yalwa ta cika shida na haƙa tamu a tsakar gida. A gaba goma sha ɗaya na tarar da wani yumɓu shuɗi-shuɗi mai santsi kamar sabulu, a ƙarƙashinsa ruwa ya ɓulɓulo garai-garai, ga sanyi ga zaƙi.

Kwana biyar da fara sha, ina ɗaure kayan aiki zan tafi wani gari, Tasalla ta ce ruwan nan bai kwanta mata ba. Ta ce yana barin ɗanɗano a harshe kamar an lashi wuƙa. Wake ya yini a wuta bai nuna ba. Tulu ya yi zobe rawaya daga ciki. Ƙuda ba ya sauka inda ya zube, kuma 'yan tsaki biyu da suka sha a gindin randa sun mutu.

Na yi dariya na ce, "Ke da iyakarki bakin rijiya, za ki koya wa wanda ya san gindinta?"

Ta ce, "Maigida, kai ka san ramin, ni na san tulun."

Na ce kada in ji ta sake komawa rafi ta ba ni kunya, a ce mahaƙi ya haƙa abin da iyalinsa suka kasa sha. Ta bi maganata.

Wata biyu na yi a can. Da na dawo an binne Yalwa da kwana uku. Tasalla tana kwance, gashinta ya zube a kan tabarma, farcenta duk ya yi fararen layuka. Ba ta yi mini gori ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ka rufe ta. Duk inda aka ga yumɓun nan a rufe. Ka gaya wa mutane, kuma ka ce ni na faɗa." Da la'asar ta cika.

Na cike rijiyar da hannuna, na je gun Mai Gari na faɗa masa. Ya ce aljani ne ya shiga gidana, baƙin ciki kuma ya taɓa mini kai, yaushe ruwan da ya fi na kowa haske zai yi kisa, maganar mace ce a bakin ciwo. Haka kowa ya ce. Ana nan wani madugun fatake ya ba ni labarin wani birni a bayan Kogin Sani da Dajin Amo, mai wani bango da ake kira Bangon Shaida. Maganar da aka sassaƙa a jikinsa ayari ne ke kai ta ƙasa-ƙasa, ba mai musa ta. Na ɗauki igiyata da dagina na kama hanya, da nufin a sassaƙa maganar Tasalla, da sunanta a ƙasa.

Wata bakwai ina tafiya kafin na isa Kogin Sani. Masu fiton wurin ba sa karɓar wuri, ba sa karɓar hatsi. A tsakiyar ruwa za ka faɗa musu wani abu da ka sani, da ka faɗa ya bar kanka ya koma nasu. Na ga wani maƙeri da ya sauka a ƙetare yana jujjuya masabarsa, yana tambayar mutane ko ta mece ce.

Da muka kai tsakiya mai fito ya tsayar da jirgi ya dube ni, ya ce akwai wani abu mai nauyi a kaina, har jirgin na karkata, shi yake so. Na ce wannan ajiya ce. Na ba shi wata dabara ta mahaƙa, ba zan iya gaya muku ko wace ce ba, ta tafi. Ya ce ta yi kaɗan, ya ajiye sandarsa, ruwa ya fara janmu. Na laluba ban sami wani abu mai daraja ba sai waƙar da Yalwa take yi in tana wasan daka da turminta na kara. Na rera masa, ya ɗauki sanda. Har yau na san tana da waƙa.

Dajin Amo kuwa itatuwansa suna maimaita abin da matafiya suka faɗa, wanda ya fi ɗaga murya shi ya fi daɗewa. Wannan kuka tana ihu da muryar wani sarki cewa ruwa na gabas, waccan tsamiya tana rantsuwa da muryar wani madugu cewa yana yamma, ƙasusuwan waɗanda suka bi su kuwa ga su nan zube. Kwana uku ina bin manyan muryoyi har ƙishi ya kayar da ni. Da kunnena ya taɓa ƙasa na ji wata 'yar sabara tana raɗa da muryar wata mace, ina jin mai neman itace ce, tana cewa inda kurciya ta nufa da yamma nan ruwa yake. Na bi kurciyoyi na sha, na fita. Ba wayona ba ne, faɗuwa ce ta cece ni.

Daga nan na hango ganuwar Birnin Haƙora, fara fat. A ƙofa masu gadi suka kama haɓata suka buɗe mini baki kamar jakin da za a saya, suka ƙidaya. Ashirin da tara suka samu, domin uku sun tafi ranar da wata rijiya ta rufta da ni. Na fara bayani, suka ce giɓi giɓi ne, in wuce.

Na sauka a Unguwar Dasashi, gidan wata tsohuwa Gwamma, ita ce ungozomar unguwa, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Ta leƙa bakina ta ce ashe attajiri ne ya sauka a gidanta. Ita ta fayyace mini dokar garin. In maganar mutum biyu ta yi karo, ba a duba abin da suka faɗa. Alƙali zai sa a ƙidaya haƙoransu, wanda ya fi yawa shi ke da gaskiya, wanda ya gaza wanzami ya cire masa ɗaya. Masu talatin da biyu ana ce musu cikakku, su kaɗai ake sassaƙa maganarsu a Bango. Ba sa tauna komai sai kunu, ba sa kuma faɗin komai sai gaisuwa da abin da kowa ya sani. Masunta da manoma da masu ɗebo ruwa, waɗanda dole su faɗi abin da suka gani, su ne suka cika Unguwar Dasashi.

Ta buɗe nata bakin, wayam. Ta sa yatsa a wani gurbi ta ce, "Wannan na ba da shi ranar da na ce matar Alƙali tagwaye za ta haifa, shi ya ce ɗaya."

Na ce, "To, Iya, nawa ta haifa?"

"Tagwaye mana. Amma ɗan nan, ka taɓa ganin haƙori ya koma?"

Na ce mai babu ko ɗaya fa, in ya yi musu me ake cire masa? Ta ce ba komai, ko amsa shi ba a yi.

Kashegari na fita neman Bangon, sai na bi ta wani fili tsakanin unguwarmu da ta cikakku, na ga sabuwar rijiya an gama gina bakinta. A gefe ga ƙasar da aka fitar, tsibi guda, shuɗi-shuɗi. Na murza ta a yatsa, na zauna a wurin. Aka ce mini Magajin Baki ne ya sa aka haƙa, babban cikakkun gari, wanda ya shekara saba'in ba a taɓa musa masa ba. Ya ɗanɗana a gaban jama'a ya ce ruwan lafiya ne ga mai sha. Sauran kwana bakwai a buɗe.

Na tafi gaban Alƙali. Yana zaune a kan buzu, wanzami a gefensa da awartaki a cikin ƙwarya. Na faɗi alamomin nan biyar kamar yadda aka faɗa mini. Ya tambaya maganar wace ce, na ce ta matata, ta rasu. Ya tambaya haƙoranta nawa. A nan na yi wautar da ba na mantawa. Na ce duk suna nan, farare kamar nono, ga wushirya a tsakiya wadda saboda ita na fara bin ta rafi. Zauren ya kwashe da dariya. Alƙali ya ce a rubuta mace, matacciya, mai giɓi, ta bakin baƙo mai ashirin da tara, ta yi karo da talatin da biyu. Wanzami ya matso.

Rana ta biyu na koma da tukunyar wake da na dafa tun safe da ruwan rijiyar, yana nan kamar tsakuwa, da ɗan tsakon Gwamma da na shayar ya mutu. Na ajiye a gaban Alƙali na ce gani ya kori ji. Ya ɗaga ɗan tsakon ta ƙafa, ya buɗe bakinsa da farce, ya nuna wa jama'a, ya ce, "Baƙo ya kawo mana shaida. Wa zai ƙidaya?" Aka cire na biyu.

Rana ta uku na ce a ɗaure ni a bakin rijiyar, a riƙa ba ni ruwanta ni kaɗai har a ga abin da zai faru. Alƙali ya ce ko na mutu gawar mai ashirin da bakwai ce, ba za ta rinjayi rayayyen mai talatin da biyu ba. Aka cire na uku.

Gwamma tana gasa mini kumatu da ruwan gishiri ta ce in daina kai wa wanzami abinci. Hanya ɗaya ce, in kai wa Magajin Baki maganar a ɓoye, in ba shi kyauta, ya faɗa a matsayin tasa. Na ce an ce in ce ita ta faɗa. Ta ce, "Matarka ta ce a rufe, ta ce a faɗi sunanta. Wanne ta fara faɗa?" Yini guda na yi ina juya wannan, sannan na tafi.

Na same shi a inuwa yana zuƙar kunu da kara, bawa ɗaya na fifita, wani na jira da aswaki. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na faɗa masa duka, na ce, "Ranka ya daɗe, na bar maka. Ka ce kai ka gano. Ba za a sake jin sunanta a bakina ba."

Ya sa na maimaita alamomin sau biyu. Sannan ya ce, "Na yarda da kai, baƙo. Ragunana biyu da aka shayar sun mutu shekaranjiya."

Tun ranar da na binne Tasalla shi ne namiji na farko da ya ce ya yarda da ni. Hawaye suka zubo mini, na kama ƙafarsa. Ya janye ta a hankali, ya ce amma ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa ruwan lafiya ne. In ya ce ba haka ba ya musa wa kansa, doka kuwa ba ta bar kowa ba, za a cire masa ɗaya. Na ce ɗaya ne fa cikin talatin da biyu. Ya yi murmushi, hasken bakinsa ya cika mini ido, ya ce mai talatin da ɗaya mai giɓi ne. Ya ce in je, zai san abin yi.

Abin da ya yi shi ne, ya sa aka yi shela cewa saboda tausayi ya bar sabuwar rijiya sadaka ga Unguwar Dasashi kaɗai, kada wani cikakke ko iyalinsa ya rage wa talakawa ko guga ɗaya. A yinin nan kowane gidan cikakku ya san dalili, sun faɗa wa juna a zaure. Unguwarmu kuwa aka fito da kalangu ana sa masa albarka.

Ni da Gwamma muka bi gida-gida. Na ɗauka waɗanda awartaki ya cinye a kan gaskiya za su gane ta in sun ji. Wani masunci mai haƙori huɗu ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Iya, ni huɗu gare ni, ke ko ɗaya. In na bi maganarki na bar ta Magaji, me zan ce wa 'ya'yana?" Matarsa ta ce rafi tafiyar rabin yini ne, baƙo ne zai ɗauko mata?

Ana gobe buɗewa, da rana tsaka, na je na ce wa masu gadi ni ne mahaƙin da aka aiko ya kwashe sauran taɓo. Suka ga igiya da dagi, suka bar ni. Na sauka, na ƙwaƙule ƙarƙashin duwatsun ginin ta gabas, na ɗaura igiya a dutsen da sauran suka hau, na fito. Akwai wani bijimin sa da aka kawo don jan guga. Na ɗaura masa igiyar na zabga masa sanda. Ƙasa ta yi gurnani, rijiyar ta haɗiye bakinta.

Ban gudu ba, ina zan je. Alƙali ya ce wannan musu ne da hannu, a cire sauran duka. Ashirin da shida a zama ɗaya. Da wanzami ya kai rabi hannunsa ya gaji, ya ajiye awartaki ya ci tuwonsa a gabana, ya wanke hannu ya ci gaba. Cikin kwana goma sha biyu suka sake tone rijiyar a wurinta, domin maganar Magaji tana nan.

Da na warke na koma bakin rijiyar, kullum ina faɗin alamomi biyar da duk ƙarfina. Ba wanda ya kama ni, ba wanda ya zage ni. Mata suna zura guga suna ce mini sannu da aiki, Barmo. Wata har ta miƙo mini ƙwarya in jiƙa maƙogwaro.

Ƙananan yara suka fara mutuwa, sai masu ciki, sai tsofaffi. Ni da Gwamma muka rayu da ruwan rafi, ni ke ɗaukowa. Duk gawar da ta wanke sai ta dawo ta ce mini farce, ba ta ƙara komai. Matar masuncin nan ita ce ta arba'in da ɗaya. Bayan sittin muka daina ƙidaya.

Da aka rasa masu daka wa cikakku kunu, Magajin Baki ya fito ya tsaya a gindin Bangon Shaida. Ya ce ruwan lafiya ne ranar da ya ɗanɗana, baƙon da ya rusa rijiyar shi ya tayar da mugun yumɓu ya ɓata shi. Ya ce bayan dogon nazari ya gano alamomi biyar da ake gane irin wannan ruwa. Ya jero su yadda ta jero, har da kamar an lashi wuƙa, mutumin da bai taɓa ɗaga tulu ba. Aka rufe rijiyar a ranar, aka ba ni kwana ɗaya in bar gari.

Kafin in fita na je gun mai sassaƙa, yana kan tsani yana buga maganar a Bango. Na roƙe shi ya ƙara suna ɗaya a ƙasa, ko ƙanƙane, inda ba mai lura. Ya leƙo ya dubi bakina, ya ci gaba da bugu. Gwamma ta raka ni ƙofa ta ce, "An dai rufe, ɗan nan." Na ce an rufe, Iya.

Na dawo ta doguwar hanya, domin ba ni da sauran abin ba mai fito. Shekara uku na yi. Duk garin da na shiga maganar ta riga ni, an cike rijiyoyin shuɗin yumɓu, mata suna jero alamomi biyar a bakin randa suna cewa in ji Magajin Baki. A Tsamiyar Dogo ma an cike biyu.

Na je gaishe da Mai Gari, shi ne dai na da, ya ƙara tsufa. Da ƙyar ya gane ni. Na ce masa maganar nan da ake yawo da ita ta Tasalla ce, a garin nan ta faɗe ta, a zauren nan na kawo masa ita. Mutanen zaure suka dubi juna, wani ya ce da ma tun kafin ya tafi kansa ya taɓu. Mai Gari ya tsawata musu, ya dafa kafaɗata da tausayi na gaske, ya ce, "Barmo, ka yi haƙuri, ilimi ne bai zo mana da wuri ba. Da maganar Magajin Baki ta iso kafin ka haƙa rijiyar nan, da matarka da 'yarka suna nan."

Na ce, "Da na ji ta daga bakinsa, ranka ya daɗe, da na yarda."

Ya ce ai shi ne.

Iyakar hikayata ke nan, abin da na ƙara ko na rage Allah ya yafe mini. Ku kuma da kuka saurari bakin da ba haƙori, wanda ya yarda, sunanta Tasalla. Wanda bai yarda ba, sunanta Tasalla.